Garkuwar kumbo ta finafinai: za a iya ƙera ta?

Tambaya: Malam, a finafinan sararin samaniya nakan ga kumbo da wata garkuwa da ido ba ya gani, a harbo masa makami ya tarwatse tun bai taɓa jikinsa ba. Akwai irinta kuwa?

Amsa: Irin wadda kake gani babu ita, kuma ilimin da ke hannu bai nuna hanyar ƙera ta ba. Abin da ya fi kusa da ita shi ne ƙarfin maganaɗisu. Duniyarmu tana da shi, shi ke kautar da ƙwayoyi masu cajin lantarki da rana ke fesowa, kuma masana na nazarin kewaye kumbo da irinsa don kare 'yan sama-jannati. Sai dai abu mai caji kaɗai yake iya karkatarwa. Tsakuwar da ta taho a guje ba ruwanta da shi, haka ma hasken leza, wato haske mai ƙarfi da ake harbawa a siririn layi. Garkuwar da za ta tare haske kuwa, ta rufe wa na ciki ido ke nan.

Ni garkuwar gaske ta fi burge ni. A 1947 masanin taurari Ba'amurke Fred Whipple ya kawo shawarar a kafa falle na ƙarfe marar kauri a gaban bangon kumbo, a bar rata a tsakani. Ɓarɓashin dutse ko na ƙarfe da ke yawo a sararin samaniya, wanda ya taho da gudun kilomita kusan 10 a daƙiƙa guda, yana dukan fallen sai ya farfashe, wani sashensa ya narke. Kafin ya tsallake ratar ya bazu, ya isa bango kamar an watsa yashi. Fallen ya huje, amma mutane sun tsira. Da wannan dabara ake kare Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, har an ƙara cusa yadin Kevlar, irin wanda ake yin rigar kariya daga harsashi da shi, a cikin ratar.

Kada ka raina ɓarɓashi. A 2016 ɗan sama-jannatin Birtaniya Tim Peake ya ɗauki hoton ɓallin milimita 7 a gilashin tagar tashar, wanda ake zaton ɓawon fenti ko ɗan mitsitsin ƙarfe ne ya yi shi.

Garkuwar Whipple tana jure abin da bai wuce santimita 1 ba. Wanda ya haura santimita 10 ana hango shi da na'urar rada mai gano abubuwa daga nesa, tun daga ƙasa, a tayar da inji a kauce masa. Na tsakanin su ne abin tsoro: ya fi ƙarfin garkuwa, kuma hango shi yana da wuya.