Ƙanena, kada ka sayar da gidan Hotoro tukuna

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fata kana lafiya, da su Hajiya da yaran. Na karanta saƙonka, na gane shirin: ka sayar da gidan gadonka na Hotoro mai sassa biyu da shago, ka biya kuɗin digiri na biyu da rabin kuɗin, ragowar ka bayar kafin alƙalami ka sayi ƙaramin gida a nan Ingila, ka zuba 'yan haya, haya ta riƙa ciyar da kai da fam. Wanda ya ba ka wannan shawarar ya faɗa maka rabin magana. Bari in cike maka sauran, don ina da ɗan gida ɗaya da nake bayarwa haya a nan arewacin Ingila.

Mu fara da kuɗi. Bankin da zai ba ka bashin sayen gidan haya yawanci sai ka ajiye kashi 25 cikin 100 na kuɗin gidan. Ka ɗauki gida mai araha na fam 150,000, kafin alƙalaminsa fam 37,500 ke nan. In ka lissafa fam a naira 2,000, miliyan 75 ce, ba a zo kan kuɗin lauya da mai duba lafiyar gini da gyara ba. Akwai kuma harajin sayen gida. Wanda bai zauna a ƙasar kwana 183 cikin shekarar da ta gabaci sayen ba, ana ƙara masa kashi 2. Wanda yake da wani gida a ko'ina a duniya da darajarsa ta kai fam 40,000, ana ƙara masa kashi 5, tun ƙarshen Oktoban 2024; da can kashi 3 ne. Ko kana da kuɗin ma, bankin zai nemi tarihin bashinka a ƙasar da takardar albashi, wasu ma sai ka mallaki gidan da kake zaune a ciki. Ɗalibin da ya sauka jiya ba shi da ko ɗaya. Bizar ɗalibi kuwa awa 20 ta yarje maka ka yi aiki a mako lokacin karatu, kuma ta hana ka kasuwancin kanka. Ga maganar kuɗin ruwa, wadda na san Hajiya ba za ta yarda ba. Akwai bankuna irin Gatehouse masu tsarin Musulunci, ku haɗa hannu ku sayi gidan kana fansar kasonsu sannu a hankali, amma su ma ba sa sassauta sharaɗi don kai Musulmi ne.

To, a ce duk ka tsallake wannan. Abin da ya fi ba mutanenmu mamaki shi ne yadda doka take tsaye a kan mai gida. A Kano ka saba ɗan haya ya kawo kuɗin shekara dunƙule, a shafa fatiha. A nan wata-wata ne. Kuɗin ajiyar da za ka karɓa don ɓarna ba zai wuce na mako biyar ba, kuma ba naka ne na kashewa ba: cikin kwana 30 sai ka sa shi ƙarƙashin kariyar ɗaya daga hukumomin da gwamnati ta amince da su. Ka yi sakaci, kotu tana iya sa ka biya ɗan haya har ninki uku. Duk shekara sai mai lasisi ya duba bututun gas ya ba ka takarda, wayoyin wuta kuma duk shekara biyar. Ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa. Kai ne za ka duba takardun ɗan haya ka tabbatar yana da izinin zama a ƙasar. In mutum biyar ko fiye da ba iyali ɗaya ba ne za su zauna a gidan, irin yadda ɗalibai suke yi, sai da lasisin ƙaramar hukuma. A da mai gida yana iya ba da notis na wata biyu ba tare da faɗin dalili ba, a ƙarƙashin sashe na 21 na dokar gidaje. Dokar 'yan haya ta 2025 ta rufe wannan ƙofar daga 1 ga Mayun 2026. Sai ka kawo dalilin da doka ta sani, in ɗan haya ya ƙi tashi ka bi layin kotu, bankin kuwa yana cirar kuɗinsa duk wata.

Sannan ga gidan kansa. Cikin Janairu, tsakar dare, waya ta yi ƙara: tukunyar ɗumama gida ta mutu, ga jariri a ɗaki, bango ya yi sanyi kamar ƙanƙara. Ba ka da ta cewa sai gobe. Ka nemo mai gyara a farashin gaggawa, in ta ƙi gyaruwa, sabuwa ta lashe hayar watanni. Tsofaffin gidajen jan bulo na nan danshi ne cutarsu. Ka janye kabad ka ga bango ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Kada ka ɗauke shi wasa: a Rochdale, a Disambar 2020, wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu saboda fumfunar gidan da iyayensa suke haya, har aka yi doka da sunansa. Ni ina ganin wannan tsananin daidai ne. Wanda ya karɓi kuɗin mutane, haƙƙin lafiyarsu yana wuyansa, a nan da can gaban Allah. In ka ce dillalan gidaje su kula maka, za su ɗauki kashi 10 zuwa 15 na hayar, hukumar haraji ta ɗauki nata. Abin da yake saura bai kai yadda ake zuzutawa a Facebook ba.

Shi ya sa nake roƙonka ka bar gidan Hotoro a inda yake. Na san naira ta karye tun 2023, hayarsa in ka mayar fam ba ta biyan ɗakinka na wata biyu a nan. Amma ba don nan ake riƙe shi ba. Shi zai riƙe Hajiya da kuɗin makarantar yara ranar da ba ka da abin turowa, kuma shi za ka tarar in bizar bayan karatu ta ƙare ba ka samu kamfanin da zai ɗauki nauyinka ba. Wannan yana faruwa da mutane masu ƙoƙari ƙwarai.

Abin da ya kamata ka yi kafin ka hau jirgi shi ne ka gyara riƙon gidan. Mutum ɗaya za ka wakilta, a rubuce a gaban lauya, a fayyace cewa karɓar haya da gyara ne aikinsa, ban da sayarwa ko jingina. Ka yanka masa ladansa ko da ɗan uwa ne, musamman ma ɗan uwa, don wanda yake yi maka kyauta ba ka iya tambayarsa lissafi ba tare da zumunci ya taɓu ba. Kuɗin haya ya shiga asusun bankinka kai tsaye. Kowane ɗan haya da yarjejeniyarsa da shaidu biyu, a sanar da mai unguwa. Ka raba musu mitar wuta, kowa da tasa mai kati, don yawancin rigimar gidan haya daga takardar wuta take tashi, sai ta yashe sokawe, wadda ita ma a rubuta wa zai biya. Ka hau ka duba kwano kafin damina. Ka ware hayar wata ɗaya ko biyu duk shekara don gyara, kada a taɓa ta ko da biki ya taso. Takardun gidan ka je KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kano, ka tabbatar suna da sunanka, tun da gado ne, ka adana na ainihin a inda wakilin ba zai kai hannu ba.

In Allah ya kawo ka, ka fara zama ɗan haya ka ga yadda ake yi daga ciki. Bayan ka samu aiki ka sayi gidan zamanka, akwai hanya mai sauƙi: ka ba da ɗaki ɗaya haya a gidan da kake ciki, gwamnati ba ta karɓar haraji a kan fam 7,500 na farko a shekara. Kuɗin makaranta kuwa mu nemo shi ta wata hanyar. Turo min takardar gurbin da suka ba ka da adadin abin da ke hannunka, mu duba tallafin da jami'ar take bayarwa da ko za su yarda ka biya kashi-kashi.

A gaida Hajiya, a ce ina neman addu'a.

Yayanka.