Tsara Dandamali don Wasan Soyayyar Matasa

Malama, game da tambayarki kan tsara dandamalin wasan kwaikwayo na soyayyar matasa da kuɗi kaɗan, shawarata ita ce ki gina komai a ƙofar gida, tunda a can ake zance. Katangar katako mai launin jar ƙasa da dakali da tabarma sun wadatar, kuma idan labari ya koma makaranta, sai a juya katangar ta zama allo. Dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ma da ƙasa aka gina shi, bisa tsarin gidan Bahaushe. Haske ne ya fi buƙatar kulawa: ruwan ɗorawa da yamma, shuɗi da dare, kuma kada fitila ta sauko daga tsakiyar kai, domin inuwa za ta rufe idanun 'yan wasa.