Amsa: Kusurwar firam ta ƙi haɗuwa a digiri 45

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce zarton injinka mai zamewa yana nuna 45, amma in ka haɗa firam sai kusurwa ta buɗe baki. Yawanci sifilin injin ne ya goce.

Saiti biyu gare shi: juya faifan ƙasa hagu ko dama, da kuma karkatar da zarton gefe. Cire wuta tukuna. Ka share garin katako daga ramukan da faifan ke tsayawa, don shi kaɗai yana iya hana makullin zama daidai. Sai ka sauke zarton, ka kafa sikwaya (ma'aunin kusurwar digiri 90) tsakanin katangar da ake jingina katako da jikin zarton, kada ta taɓa haƙora. In ka ga haske a tsakani, sassauta notin katangar ko na farantin lambobi, ka daidaita, ka ɗaure, sannan ka mayar da alamar kan 0. Don duba karkata, tsayar da sikwayar a kan faifai, ka gyara da notin da ke tsayar da zarton.

Ni dai na fi yarda da gwaji a kan lambobi. Yanke miƙaƙƙen katako a 0, ka kifa rabi ɗaya ka haɗa su. Gibin da ya bayyana ninki biyu ne na kuskuren. Firam yana da yanka 8, don haka rabin digiri ya zama digiri 4.

Kuma tsawon sandunan da ke fuskantar juna ya zama ɗaya, ka daddage katakon da kilam (abin matse katako). In za ka karkatar da zarton, janye saman katangar kada ya ci ta.