Wai a talabijin sati guda suke gama tsohuwar mota

Kai yaro, tambayarka ke nan? Wai me ya sa Turawan da kake kallo suke jawo mota mai shekara hamsin daga bayan gida, su mayar da ita sabuwa fil cikin sati guda, mu kuma a nan mota ɗaya sai ta cinye mana wata da watanni? Da ɗan kallo ne ya tambaya da ban tanka ba, amma kai da kullum hannunka ke cikin baƙin mai, ai da kunya. Ajiye wayar nan ka saurara.

Shirin da kake nufi na san shi, Overhaulin' ne, na Amurka, wanda aka fara a 2004 da Chip Foose. Ban raina mutumin ba, ya iya zane, ya san ƙarfe. Amma ka taɓa lura da taron da ke bayansa? Mai walda daban, mai fenti daban, mai kujeru daban, mai haɗa waya daban, dare da rana fitila a kunne. Mu ƙaddara mutum 20 ne, kowa yana awa 12 a rana har kwana 7. Awa 1,680 ke nan. Kai kaɗai da sifanarka, awa 8 a rana, sai ka yi kwana 210 ba hutun Juma'a ba na Sallah. Aikin bai ragu ba, hannaye aka ƙara, sannan aka yanke hoton ya koma ƙasa da awa ɗaya. Ga shi su kayan gyara a waya suke oda. A Ingila har yau ana buga sabuwar gangar jikin motar MGB da ta tsohuwar Mini. Mu kuwa sai ka wuni a kasuwar Panteka kana ɗaga ƙarafa kafin ka samu ƙofa ɗaya da tsatsa ba ta cinye gindinta ba.

Yadda ake kwance mota a jera notina ba zan tsaya koya maka ba, wanda bai san wannan ba ya je ya sayar da rake. Abin da kyamara ba ta so shi ne goge-goge. Ba mai zama ya kalli mutum yana gugar madigadi da sanfefa daga safe har la'asar, ya fesa faraima, wato shafen farko kafin fenti, ya sake gugewa, ya shafa tafin hannu ya ji ɗan kwari, ya koma farko. Sai su nuna maka tartsatsin walda, su nuna fenti na fita daga bindiga, su sa kiɗa, mai mota ya rufe baki yana hawaye. Kuma ba sa komawa bayan shekara su nuna maka inda fila, kwaɓin da ake cike rami da shi, ta tsotse, layin sanfefa ya fito ta ƙarƙashin fenti. Akwai wani shirin ma, Pimp My Ride, da MTV ta yi daga 2004 zuwa 2007. A 2015 wasu daga cikin masu motocin suka faɗa wa 'yan jarida cewa motocinsu watanni suka yi a gareji, wasu kayan ƙawar an cire su bayan an gama ɗauka, matsalar inji kuma tana nan yadda take.

Amma wanda ya ja mini asara shi ne Wheeler Dealers, na Ingila, da aka fara a 2003. Mike Brewer ya sayo mota, Edd China ya gyara, a sayar. A ƙarshe sai a yi lissafi: kuɗin saye kaza, kayan gyara kaza, an sayar kaza, riba kaza. Ina ladan bakanike? Babu shi a cikin ribar. Riƙe wannan a ranka.

Wani Alhaji ne, ɗan kwangila, ba zan kama sunansa ba don 'ya'yansa na gaishe ni a hanya. Ya sa aka janyo mini Fijo 504 ta marigayi mahaifinsa, haɗin Kaduna, daga masana'antar nan ta Kakuri da ta fara aiki a 1975. Ta yi shekaru a yashe ƙarƙashin darbejiya. Ya ce yana son ta koma yadda take ranar da tsohon ya ɗauko ta, ko nawa ne zai biya. Ya faɗa a gaban mutane, har yana share ƙwalla da bakin babbar riga. A lokacin maganar mutum irinsa ita ce takarda.

Daga nesa motar ba ta da laifi. Na ciro mayen ƙarfe daga aljihu na bi gindin ƙofofi, ya ƙi kamawa. Inda mayen ƙarfe ya ƙi kamawa, ba ƙarfe a wurin, fila ce. Da muka kankare sai ga ta kaurin ɗan yatsa, a bayanta ragar waya da takardar buhun siminti. Wani ɗan iskan fanel bita ya toshe rami ya fesa fenti, lalle a kan gyambo. Daɓen ƙarƙashin ƙafar direba kuwa, sukundireba na soka ya wuce. Robar gilashin gaba ta bushe ta tsattsage, ruwan damina yana tsiyaya ciki, kafet ya sha ya riƙe, ƙarfe yana ruɓewa daga sama zuwa ƙasa ba wanda ya sani. Turawa gishirin da suke zuba wa titi lokacin sanyi ke cin motarsu ta ƙasa, mu tamu daga ciki take mutuwa.

Na yanke duk inda ya ruɓe. Na buga sabon daɓe daga falle, da guduma da hannuna, har tudun layukan da ke hana shi lanƙwasa na buga masa. Waldar ɗigo-ɗigo muka yi, a ɗiga nan a tsallaka can a bari ya huce, don in ka ja wuta a layi ɗaya falle zai murɗe, kuma ba filar da za ta rufa maka asiri. Inji ma da muka buɗe, ruwa ya haɗu da mai. Injin 504 silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, cirewa ake yi, ruwa na zagaye shi, in abin da ke toshe gindinsa ya mutu sai ruwa ya sauka cikin kwanon mai. Muka sake komai. Fitilun gaban nan nata masu kusurwa, na asali, sai da na bi dattawan Panteka da roƙo, don direbobin tasha sun gama cinye kayan 504 tun tuni. Damina ta shigo ta fita motar tana hannuna. Ayyuka nawa na mayar saboda ita, Allah kaɗai ya sani.

Ranar biya ya zo da ɗansa, ɗan boko, riƙe da takarda. Yaron ya bi rasit ɗaya bayan ɗaya, ya tara kuɗin kaya da na fenti, ya ja layi. Na ce ina kuɗin aiki? Wallahi ya dube ni ya ce su suna kallon yadda Turawa ke yi, kaya ake lissafawa, kuma aikin da bai wuce sati biyu ba ni na ja shi don in ƙara kuɗi. Uban yana zaune yana jan carbi, bai ce uffan ba. Aka miƙo mini abin da bai kai ladan mai walda ba, wai na goro. Na ce mota ba ta fita. Ranar Juma'a ina masallaci suka aiko direba, ya ce wa yarana Alhaji na so a zagaya da ita a ji ƙarar inji. Fitarta ke nan. Na kai ƙara wurin dattawan unguwarsu, aka ce in bar wa Allah, mutum ne mai mutunci. Babur ɗina na sayar na sallami mai fenti da mai kujeru, don ni ba a bina bashin gumi. Daga baya na ji yana faɗa a wurin ɗaurin aure wai a Legas aka yi masa aikin. Wannan ta fi kuɗin ƙona mini rai.

Shi Edd China ɗin ban ga laifinsa ba, a cikinsu duka shi ne mai tsayawa ya nuna maka yadda abu ya lalace da dalilin lalacewarsa. A 2017 ya bar shirin, ya kuma fito ya ce sababbin masu shiryawa suna so a rage bayanin aikin gareji ne, shi kuma bai yarda ba. To in kana son kallo, nemi tsofaffin nasa, ka bar masu ihu da jifa da sifana.

Ku yaran yanzu matsalarku ke nan. Wata guda da zuwa kowa so yake a ba shi bindigar fenti, abokinsa na ɗaukarsa a waya. Mu sai da muka shekara muna wanke noti a kananzir kafin maigida ya yarda mu taɓa jikin motar mutane, kuma ba mu mutu ba.

Tun daga kan Alhajin nan, duk mai kawo tsohuwar mota a gabansa nake bin ta da mayen ƙarfe, in ɗaga kafet ya leƙa da idonsa. Kuɗin aiki a rubuce, daban da na kaya, kuma kashi-kashi: a gama walda ya biya, a gama shafe ya biya, kafin a haɗa fenti ya biya. In ya ambaci talabijin, kuɗin ya ƙaru. Makulli kuma a aljihuna yake kwana, ko uban wa ya aiko kada ka kuskura ka tura mota waje. Tashi ka ɗauko sanfefa mai lamba 180, ƙofar bayan can da ka ce ka gama, shafa ta da tafin hannu ka ji abin da ka bari.