Amsa: Me ya sa layin dogon Kano zai tsallaka har Maraɗi?

Malam, ka tambaya dalilin da Najeriya za ta kashe kuɗinta ta kai jirgin ƙasa wata ƙasa. Ka fara duba hanyar tukuna. Layin kusan kilomita 284 ne, kuma mafi yawansa a ƙasarmu yake: Kano, Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya, sannan ya tsallaka Maraɗi. Akwai kuma reshe zuwa Dutse. Buhari ya ƙaddamar da aikin a Fabrairun 2021, aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal kwangilar kusan dala biliyan 2.

Nijar ba ta da teku. Kafin juyin mulkin 2023, kayanta da yawa ta tashar ruwan Kwatano suke shigowa, a jera su a tireloli kwana da kwanaki. In jirgi ya kai Maraɗi, tashoshin ruwan Legas na iya karɓar wannan ciniki. Ka tsaya bakin iyakar Jibiya ranar kasuwa ka ga manyan motoci maƙare da wake da shanu sun yi layi, direbobi na kwana a ƙarƙashin mota, za ka gane kayan ɗauka ba su yi kaɗan ba.

Damuwata ɗaya ce, kuma babba ce. Sabon layi mai faɗi daga Legas a Ibadan ya tsaya, na Abuja kuma a Kaduna. Muddin ba a haɗa waɗannan da Kano ba, jirgin Maraɗi ba zai kai kaya bakin teku ba. Wannan ya kamata mu riƙa tambayar wakilanmu a majalisa.