Tambayi Malamin Kimiyya: Yaya uku da huɗu za su ba da biyar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji ɗaya a babbar sakandare, a Yelwan Yawuri. Malaminmu na Fiziks ya ce in mutum ya yi tafiyar kilomita 3 gabas, ya juya ya yi kilomita 4 arewa, to disfilesmen ɗinsa kilomita 5 ne. Ni kuwa tun firamare na san uku da huɗu bakwai ne. Ya kuma ce in na je makaranta na dawo gida, disfilesmen ɗina sifili ne. To gajiyar da na kwaso fa? Na haddace saboda jarrabawa, amma zuciyata ba ta yarda ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Gara da ba ki yarda ba. Masu haddacewa su yi shiru su ne suka fi ba ni wahala a shekarun da na yi ina riƙe da alli.

Bakwai ɗinki daidai ne, biyar ɗin malaminku ma daidai ne, tambayoyin ne suka bambanta. Bakwai tsawon hanyar da ƙafa ta taka ne, shi ɗan acaɓa zai yi miki kuɗi a kansa. Biyar kuwa amsar wata tambaya ce: daga inda kika tashi zuwa inda kika tsaya, in aka ja igiya miƙe, nawa ne, kuma ta wace fuska? Wannan shi ne disfilesmen. In kin dawo ƙofar gidanku babu igiyar da za a ja, shi ya sa ya zama sifili. Gajiya kam tana nan, ita lissafin ƙafa take bi.

Duk abin da ba ya cika sai an faɗi girmansa tare da inda ya dosa, shi ake kira bekta. Wanda girmansa kaɗai ya wadatar, kamar lokaci ko yawan shinkafa a buhu, sikela ne. Ita bekta ba a tara ta kamar kuɗin cefane, zana ta ake yi. Ki ja kibiya ta farko, ki ɗora gindin ta biyu a bakin ta farko, sannan ki ja layi daga mafari zuwa ƙarshe. Wannan layin shi ne jimla.

Lokacin da nake koyarwa a Argungu, fili nake fitar da yara da igiya da turaku uku. Mu auna mita 3 gabas mu kafa turke, mu auna mita 4 arewa mu kafa wani, sai in miƙa wa wanda ya fi kowa gardama tef in ce ya auno daga turken farko zuwa na ƙarshe. Kullum mita 5 yake samu, kuma kullum sai ya sake aunawa. Magina ma da wannan uku, huɗu, biyar ɗin suke daidaita kusurwa in za su fitar da harsashin ɗaki. A takarda ƙa'idar Faisagoras ce: 3 sau 3 tara, 4 sau 4 sha shida, a haɗa 25, tushensa, wato lambar da in aka yi ta sau kanta za ta ba da 25, shi ne 5.

Sai dai ki kiyaye, nan ne yara suke zubar da maki a WAEC da NECO. Biyar ba ta fitowa sai in kibiyoyin biyu sun yi kusurwa mai digiri 90. In duka gabas suka dosa, jimla 7 ce. In ɗaya gabas ɗaya yamma, 1 ce. Sauran kusurwoyi kuwa amsarsu na tsakanin 1 da 7. Kuma kada ki rubuta kilomita 5 ki ajiye biro, rabin amsa kenan. Sai kin ƙara da cewa ta karkata kimanin digiri 37 daga arewa zuwa gabas.

In tafiyar ta yi kwana-kwana da yawa, ki ware gabas da yamma gefe guda, kudu da arewa gefe guda. Wanda ya yi kilomita 5 gabas, 4 arewa, sannan 2 yamma, gabas ɗinsa ya koma 3, arewa na nan 4. Ƙafarsa ta taka 11, igiya ta ce 5.

Tunda a Yawuri kike, je ki bakin kogi ki tsaya ki kalli masu fito, don sun san darasin nan tun kafin a kawo shi aji. Mu ɗauka faɗin ruwa a wata mashiga mita 200 ne, jirgi mai inji yana cin mita 4 a daƙiƙa, ruwa kuma yana gangarawa da mita 3 a daƙiƙa. In matuƙi ya saita hancin jirgi tsaye ga wancan gaci, zai ƙetare a daƙiƙa 50, amma cikin wannan lokacin ruwa ya janye shi mita 150 ƙasa. Tsakanin inda ya tashi da inda ya sauka mita 250 ne, wato uku, huɗu, biyar ɗin nan dai ce ta dawo da rigar ruwa. Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne, ƙarfin ruwan bai ƙara masa ko daƙiƙa ɗaya a lokacin ƙetarawa ba, wurin sauka kawai ya sauya.

Shi ya sa gogaggen matuƙi ba ya fuskantar inda zai sauka. Sai ya karkata hancin jirgi sama, ya tari ruwan, wani kaso na ƙarfin injin ya tafi wajen kashe jan da ruwa ke yi. A lissafinmu sai ya karkata kusan digiri 49 daga saitin wancan gaci, saurin ƙetarawarsa ya ragu zuwa kimanin mita 2.6 a daƙiƙa, ya ci wajen daƙiƙa 76 kafin ya taɓa gaci. Ki zana wannan na ƙarshen da rula a takarda, santimita ɗaya a madadin mita ɗaya a daƙiƙa, ki duba wace kibiya ce ta zama gefe mafi tsawo a wannan karon, ki kai wa malaminku ya gani.