Tambaya da Amsa: Yaro mai haddace sura, amma karatun lakwal ya gagare shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga unguwar Garin Malam a nan Damagaram. Ɗana yana da shekara 10, yana aji CE2 bayan ya maimaita aji sau ɗaya. A makarantar allo malaminsa yana yaba shi, domin da an biya masa aya sau biyu ya riƙe ta, amma a lakwal in aka ba shi littafi sai inda-inda da tsallake layi, dikte kuwa kullum sifiri. Mahaifinsa ya ce lalaci ne. Ƙanena da ke jami'a ya ce akwai manhajojin waya da ke taimakon irin waɗannan yara. Shin gaskiya ne, kuma ba za su sangarta shi ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Kafin a taɓa waya, a kai yaron asibiti a gwada idonsa da kunnensa, domin yaron da ba ya hango allo daga bencin baya yana iya nuna duk alamun da kika lissafa, kuma maganinsa tabarau ne kawai. Idan an tarar da su lafiya, to abin da kika siffanta ya yi kama da matsalar da likitoci ke kira disleksiya, ko da yake ba a yanke wannan hukunci ta wasiƙa, sai ƙwararre ya zauna da yaron ya gwada shi.

Matsalar ba ta hankali ba ce, kuma ba lalaci ba ce. Ƙwaƙwalwar yaron tana wahala ne wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da kuma haɗa kowane sauti da harafinsa, shi ya sa abin da ya shiga ta kunne yake zama daram, wanda ya zo a takarda kuwa yake watsewa. Tun a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira da ya kasa karatu, wanda malaminsa ya ce da a ce da baki ake koyar da komai, da babu wanda zai kamo shi a makarantar. Ina so maigida ya ji wannan labari, domin bulala ba ta taɓa koya wa irin wannan yaro harafi ko ɗaya ba, sai dai ta sa ya tsani littafi.

Akwai kuma wani nauyi da yaranmu ke ɗauke da shi wanda ba a cika ambata ba. Suna koyon karatu ne da Faransanci, harshen da ba su ji a gida, wanda kuma sauti ɗaya ake rubuta shi ta hanyoyi da yawa: o, au, eau, duk lafazinsu guda, ga haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a furtawa. Wani bincike da aka buga a 2001 ya kwatanta masu disleksiya a Ingila da Faransa da Italiya, ya tarar matsalar ƙwaƙwalwar iri ɗaya ce, amma ƴan Italiya sun fi iya karatu saboda rubutunsu yana bin lafazi. Rubutun Hausa na boko ma haka yake, kuma a nan Damagaram aka fara gwajin koyar da ƴan firamare da Hausa a 1973. Don haka ina ba ki shawara ya riƙa ɗan karatun Hausa a gida, domin a nan ne zai fi saurin gane cewa harafi sauti yake wakilta.

Maganar ƙanenki gaskiya ce, kuma ba sai kin je Kasuwar Dole neman sabuwar na'ura ba. A wayar Android, cikin sashen Accessibilité, akwai abin da ake kira Sélectionner pour prononcer, wanda in aka kunna shi yaro zai taɓa rubutu a fuskar waya ta karanta masa da murya. Manhajar Google Lens kuma tana ɗaukar hoton shafin littafi ta mayar da shi rubutun da za a iya saurare, sai dai ta fi ƙwarewa a kan rubutun ɗab'i, rubutun hannu na cikin kaye yana yawan ruɗa ta. A sauke muryar Faransanci a cikin wayar tun farko don ta yi magana ko babu intanet, a kuma rage saurinta. Muhimmin sharaɗi shi ne idon yaron ya riƙa bin layin da yatsa yayin da kunnensa ke saurare; in ya kwanta ya rufe ido, labari ya ji, bai yi karatu ba. A kwamfuta kuwa, Lecteur immersif na Microsoft Word yana haskaka kalmar da ake furtawa, yana buɗa tazarar haruffa, yana kuma yanka kalma gaɓa-gaɓa.

Ta fuskar rubutu, allon rubutu na Gboard yana da alamar makirfo: yaro ya faɗi jimla, wayar ta rubuta, sannan ya sa ta karanta masa ya ji ko abin da ya nufa ke nan. Za ta yi kuskure da lafazinsa wani lokaci, kuma muryoyin Hausa ba su kai na Faransanci ƙwari ba tukuna, amma yaron da ya daɗe yana rubuta layi biyu alhali yana da shafi guda a kansa zai ga tunaninsa a rubuce. Alƙalamin da ke karanta layi da murya, irin su C-Pen, yana aiki, sai dai tsadarsa ta wuce aljihun yawancinmu.

Batun sangarta, na fahimci tsoronki. Sanda ba ta sa mai ciwon ƙafa ya ƙi warkewa, tana kai shi kasuwa ne kafin ya warke. Yayin da ɗanki ke fama da haruffa, ƴan ajinsu suna ci gaba da tarihi da kimiyya da lissafi mai jimloli, kuma murya ce za ta hana a bar shi a baya a waɗannan darussa. Amma waya ba ta koyar da karatu. Dole a samu mai haƙuri, ke ko ƙanenki ko malami, ya zauna da shi kamar minti 20 kullum, a ɗauki sauti ɗaya, ya furta shi, ya zana harafinsa a yashi da yatsa, ya haɗa shi da waɗanda ya riga ya sani, ba a wuce gaba sai ya zauna. Ranar jarrabawa babu waya a hannunsa. Kuma wayar ta zama taki ce da yake aro a gabanki lokacin darasi, in ba haka ba TikTok zai cinye lokacin.

TAMBAYA: Malam, ni malamin CM1 ne a wani ƙauye kusa da Mirya. Ajina ya haura yara 70, babu wuta balle kwamfuta. Me zan yi wa biyu ko ukun da na ga suna da wannan matsala?

AMSA: Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka lura da su cikin wannan taro. Ka dawo da su bencin gaba, ka kuma buɗa tazara tsakanin haruffa da layuka in kana rubutu a allo; wani bincike na 2012 a kan yaran Italiya da Faransa ya nuna cewa faɗaɗa tazarar haruffa kaɗai yana rage musu kuskure. Ka yanka kwali ka huda masa taga mai faɗin layi ɗaya, yaro ya riƙa jan sa ƙasa, tsallake layi zai ragu. Kada ka tsayar da su karatu a gaban aji ba shiri. Ka ba su sakin layin tun jiya. A darasin tarihi ko kimiyya ka tambaye su da baki, ka ba da maki a kan sanin abin, ka bar hukuncin kuskuren rubutu ga darasin dikte, shi ma ka rage musu tsawonsa. Idan iyayen suna da waya, ka naɗi darasin da muryarka ka tura musu ta WhatsApp ko Bluetooth, ka kuma sanar da darektan makaranta da insifekta abin da kake yi, domin malamin da zai karɓe su a CM2 ya ci gaba daga inda ka tsaya.